Ku Tambayi Anti: Za mu biki Abuja, yara sun ce sai an tsaya wurin lilo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Tunda hutun makaranta ya matso saƙonnin da ke shigo mani kusan duk maganar tafiya ce, wannan za ta kai yara Kano wajen kakanni, wancan za su biki Abuja, to sai na tsinto waɗanda suka shafi tsayawa wurin wasan yara a cikin tafiya na haɗa su waje guda. Masu tambayar gyaran fata da masu ƙorafin dangin miji ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ki raba mu gardama ni da Abban yara. Bara bayan ƙaramar Sallah muka tafi bikin ƙanwarshi Abuja a motar gida, ni da shi da ɗiyanmu huɗu da ƙanwata, mun bar Katsina bayan asuba muka bi ta Malumfashi da Funtua muka kwana Kaduna gidan yayarshi, washegari muka kama hanya. To tun a gida ya riga ya yi ma yaran alkawarin zai kai su wurin lilo, shi ko mutum ne in ya ce zai yi abu ko ana ha maza ha mata sai ya yi, saboda haka muna shiga Abuja wajen ƙarfe ɗaya ko masauki ba mu leƙa ba, da kayanmu niƙi-niƙi a but har da gero da daddawa da aka ba mu saƙo, ya zarce da mu wani wurin wasa. Anti rana ta take, ga layin tikiti, ga yara sun cika ciki da shinkafa da mai a Tafa, babbar ta hau wani kwale-kwale mai lilo tana saukowa ta kelaya amai a kayan Sallarta, ƙaramin kuma ɗan shekara huɗu aka tsaida shi jikin wani allo aka ce tsawonshi bai kai ba ya kwanta ƙasa yana birgima, Abbanshi ya tsaya yana ta musu da yaron da ke tsaron wurin wai ai da kuɗinshi ya zo. Ni ko ina gindin icce da goyo ina gadin takalma. Kafin la'asar kowa ya yi laushi, muka isa gidan biki an tashi daga kamu, har yau Hajiyarsu ba ta bar yi mani gorin nan ba alhali ba ni ke tuƙi ba. Yanzu Disamba akwai wani bikin ya ce haka za a sake sai dai a canza wuri don wancan bai da kyau, ni ko na ce ba wurin ba ne tsarin ne. Wa ke da gaskiya?
Daga Maman yara huɗu, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA: 'Yar uwa ke ke da gaskiya, amma kafin ki kai mashi mujallar ki nuna mashi, ki fara yi mashi godiya, don magidancin da zai yi ma yara alkawari ya cika a wannan tsadar man ba a ko'ina ake samunshi ba. Matsalar guda ce, ya so tauna taura biyu. Ranar hanya daban, ranar wasa daban, ranar biki kuma daban, duk wanda ya cusa su a yini ɗaya ko wane wuri ya canza haka zai sake gani.

Ki duba lissafin da kanki. Daga Kano zuwa Abuja kaɗai ya haura kilomita 400, daga Katsina zuwa Kano kuma wajen 170, ko kun yanke ta Funtua ku ɓulla Zariya ba wani ragi mai yawa kuka samu ba, ga aikin titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano da ake yi tun 2018, inda aka karkatar da motoci hannu ɗaya sai ku yi ta jan ciki a bayan tirela, ga shingayen jami'an tsaro, ga gosulon Zuba in an yi rashin sa'a. Yaron da ya wuni jiya a mota, ya kwana baƙon wuri a katifar ƙasa, aka tada shi da sassafe ya sake zaman awa uku ko fiye, wallahi ba lilo jikinshi ke so ba, wanka yake so da barci. Bakinshi ne kawai ke cewa lilo.

Abin da zan ce ku yi a Disamba, ku isa Abuja ku sauka masauki ku sauke kayan mutane, ku yi bikinku a natse, Hajiya ta gan ku a kamu tun kafin a fesa ma amarya turare, sannan ku ware yini guda bayan biki, na yara zalla. Ranar kada a sa wata ziyara a ciki, don na san halinmu, sai a ce bari mu ɗan biya mu gaida wance a Kubwa, daga gaisuwa a kawo abinci, shi ke nan yini ya tafi. Ku tambaya tukuna ƙarfe nawa ake buɗewa, ko dai ku je da hantsi ana buɗewa kafin rana ta yi zafi da layi, ko ku bari sai bayan la'asar. Tsakar rana ita ce mafi muni, kujerun ƙarfe da na roba sun gasu, yara sun fara ƙishi da rigima. Disamba ma kun yi dace don ba ruwan sama, da damina in hadari ya taso akan tsaida na'urorin ne, kuma Abuja na riga mu samun ruwa sosai, mu nan muna cikin zafin bazara su can sun fara ganin hadari. Sai dai ku kauce ma ranakun Kirsimeti da sabuwar shekara in ba cunkoso kuke so ba, tsakiyar mako ya fi.

Maganar aman yarinya ba aljanu ba ne kuma ba baki ba ne, don na san akwai wadda za ta ce a yi mata hayaƙi. A can cikin kunne akwai abin da ke gaya ma ƙwaƙwalwa ko jiki na tsaye ko yana motsi, to in abin da ido ke gani ya saɓa da abin da kunnen ke ji sai jiri da tashin zuciya su biyo baya, yara 'yan shekara 2 zuwa 12 su suka fi fama da shi, a mota ma haka ne shi ya sa wanda ya duƙufa kan waya yana gem a bayan mota shi ke fara neman leda. Ki haɗa wannan da cikin da aka cika da shinkafa da mai, me kike jira. Abinci mara nauyi kafin a hau, biskit ko burodi da shayi, a bar abinci mai maiƙo sai an gama, a fara da ƙananan abubuwa kamar dokin nan mai zagayawa da motocin karo kafin a je ga manya, in an sauko daga ɗaya a ɗan zauna a sha ruwa. Citta na taimaka ma wasu. Akwai maganin hana amai na tafiya amma yana sa barci kuma ba kowane yaro ake ba ba, sai kin tambayi likita, kada ki tsaya kemis kawai ki ce a ba ki.

Shi kuma allon awon tsawo, don Allah ki gaya ma Abban yara ya bar musu a kanshi. Ƙarfen da ake saukowa da shi ya danne cinya ko kafaɗa an ƙera shi ne daidai jikin mai wani tsawo, yaron da bai kai ba akwai rata tsakaninshi da ƙarfen, in abin ya wulwula ko ya gangaro da gudu zai iya zamewa ta ƙasa. Ba shekaru ake dubawa ba, ba kuma wayon yaro ba. Yaron nan mai tsaron ƙofa da ya hana ku, gata ya yi maku, wanda zai karɓi ɗari biyar ya kauda kai shi ne abin tsoro. Dabarar ita ce tun a gida a gaya ma ƙaramin akwai na manya akwai nashi, in an shiga kuma a fara da nashi, ya hau ya more tukuna, sannan ƙanwarki ta ja shi wajen ayis kirim lokacin da yayyen za su hau nasu. Ke ma kuma a karɓi goyon nan ko na rabin awa ne ki zagaya, ba gadin takalma ya kawo ki daga Katsina ba.

Ƙarin abu ɗaya, kuna shiga ki ɗauki hoton kowane yaro a waya da kayan da ke jikinshi, ki rubuta lambar Abbansu a 'yar takarda ki sa ma ƙananan a aljihu, ki nuna masu wuri guda ki ce duk wanda ya ɓace ya tsaya nan. Cikin taro in aka tambayi uwa wace kalar riga ya sa sai ki ga ta rikice ta kasa tunawa.

TAMBAYA: Anti ni budurwa ce, za mu raka yayata Abuja kuma ina son in hau rola kosta, jirgin wasan nan mai gudu a kan dogo da nake gani a TikTok, amma ni doguwar hijabi nake sawa har ƙasa, ƙawata ta ce sai na cire, ni ko ba zan iya ba. Ya zan yi? Kuma da gaske ne wai abin ba ya da inji?
Daga wata ɗaliba, Daura

AMSA: Ƙanwata ba sai kin cire ba, amma wadda ke jan ƙasa mai faɗin nan kam ba da ita za ki hau ba, wannan ba maganar gayu ba ce maganar rai ce. Duk abin da ke da taya ko sarƙa ko yake juyawa yana iya cafke bakin ƙyalle, hijabi kuma a wuya take, kin ga inda matsalar take. Mun sha jin yadda tayar babur ke naɗe hijabi ko gyale a cikin gari, to wannan ya fi babur ƙarfi nesa ba kusa ba. Ki sa doguwar riga mara baza da wando a ciki, ki sa ƙaramar hijabi mai hula wadda ta tsaya iya ƙirji ko ciki, in kin zauna ki tattare duk abin da ya yi saura ki cusa ƙarƙashin ƙarfen ko bel ɗin kafin a tashi, babbar ki naɗe ta a jaka ki ba yayarki ta riƙe, kina saukowa ki zura abarki. Banda allura ko fil a wuya. Takalmi mai rufi ko mai maɗauri, silifas tashi yake. Waya kuma a jaka, na san hoton kike so amma ki bar wadda ke ƙasa ta ɗauke ki. Ƙananan motocin tsere masu inji a baya su suka fi haɗari ga mai gyale, su kam ko da ƙaramar hijabin sai kin tabbatar ba abin da ke lilo a bayanki.

Zancen inji kuma ƙawarki ba ta yi ƙarya ba, yawancinsu taragon da kuke zaune ciki ba inji a jikinshi. Sarƙa ce ke jan shi a hankali tana ƙas-ƙas-ƙas har ƙololuwar tudun farko, daga nan ta sake shi, nauyinshi ne ke gangaro da shi kuma gudun da ya samu a gangaren shi ke haye da shi sauran tuddan, shi ya sa tudun farko ya fi kowanne tsawo. Tayoyin kuma sun kama dogon ta sama da gefe da ƙasa, ba ɗora shi kawai aka yi ba. In yayar taki na da juna biyu kada ta hau ko da wasa, haka mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai ciwon baya. Kafin ki sayi tikiti ki tsaya ki kalli zagaye ɗaya ko biyu, ki ga ko ma'aikacin na bin kujera-kujera yana jijjiga ƙarfen kowa. In kin ga yana latsa waya ne kawai ya danna maɓalli, ki nemi wani abin ki hau.

TAMBAYA: Salam Anti. In muna hanya kuma muka wuni wurin wasa ya za mu yi da sallah? Maigidana ya ce kasaru za mu yi, ni kuma na ce tafiyar yawon shaƙatawa ba a yi mata kasaru.
Daga Uwargida, Rafindadi

AMSA: Ni ba malama ba ce amma wannan yana cikin abin da muka karanta a Islamiyya. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80, ana yi mata kasaru muddin ba tafiyar saɓo ba ce, biki da zumunci kuwa ba saɓo ba ne, ku da kuka fito don biki kuka biya da yara wurin wasa ai kuna cikin tafiyarku. Azahar da la'asar da isha'i su ke komawa raka'a bibbiyu, magariba da asuba suna nan yadda suke. Ana farawa ne bayan an fita daga gine-ginen gari, ba tun a tsakar gida ba. In kun yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda kuka sauka to kun zama mazauna sai ku cika, haka in maigidan ya bi limamin gari sai ya cika tare da shi. Maganar haɗa azahar da la'asar, da kuma tafiyar da aka ƙulla don yawo zalla, akwai bayanin malamai a kai, ku tambayi malamin unguwarku kafin ku tashi. Nawa dai shi ne ku tafi da buta da darduma a but, ku yi alwala kafin ku shiga, kuna shiga ku tambayi inda ake sallah tun kafin lokaci ya yi, don neman famfo cikin taro da yara biyar a hannu ba ƙaramin aiki ba ne.

TAMBAYA: Hajiya ni fa ban ga amfanin abin nan ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 cika tanki ya zama aiki, sannan in je in biya kuɗi don a juya mani yara su yi amai? Uwarsu ta tada hankalina. Mu da muka tashi da langa da lilon igiya a icen bedi mi ya same mu?
Daga wani magidanci, Sabuwar Unguwa

AMSA: Alhaji ba abin da ya same ku, amma ka tuna ku ma ranar hawan Sallah ai kuka kuke sai an kai ku Ƙofar Soro kallon dawaki, kuma wani ne ya saɓa ku a kafaɗa. In babu, babu, ba wanda zai ce ka ci bashi don lilo, kuma ni ban goyi bayan a tashi mota takanas tun daga Katsina don wannan kaɗai ba. Amma in dama tafiyar ta kama, ware wani abu don yara ba almubazzaranci ba ne. Abin da ke cinye kuɗi a irin wuraren nan shi ne shiga ba tsari, galibi kuɗin get daban, kowane abin hawa da tikitinshi, ga gugguru ga alewar auduga ga mai hoto na bin ka. Tun a mota ka yanke, kowa abu uku zai hau, ya zagaya ya gani ya zaɓa, a shaida a gaban uwarsu. Ka riƙe tsabar kuɗi don ranar taro sabis na iya ɗaukewa ka tsaya kana jiran tiransifa yara na ja maka riga. Wasu wuraren ba su bari a shiga da abincin waje, to a bar kula a mota da dambun nama da cincin da zoɓo, in an fito a ci.

Kuma ba dole sai mai rola kosta ba. A Abuja akwai Magicland da a da ake kira Wonderland, kusa da babban filin wasa na ƙasa, shi ne na na'urori, amma akwai Millennium Park a Maitama da Sarauniyar Ingila ta buɗe a 2003, fili ne na ciyawa da inuwa, ku shimfiɗa tabarma yara su yi ta gudu. In a Kaduna za ku yada zango ga Ƙofar Gamji a bakin kogi, wurin ma sunan ɗan gida yake ɗauke da shi, Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, a ciki akwai tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka ciro daga Zungeru aka kafa a nan, ka ga ka samu abin ba su labari. In ta Kano kuka bi ga gidan zu na Audu Bako. Ko dutsen Zuma in kun kusa shiga Abuja, ka zaro tsohuwar takardar naira ɗari ka nuna masu hoton ka nuna masu dutsen, wannan kyauta ne. Af, kuma Alhaji yaran naka sun taɓa zuwa hasumiyar Gobarau da ke nan cikin gari, ko rijiyar Kusugu a Daura? Ka fara da nan ranar Asabar, uwarsu za ta ɗan sassauta maka.

Kuɗin da ban yarda ka yi tsimi a kanshi ba shi ne na bakanike kafin tafiya, a duba birki da taya da safaya da baƙin mai da ruwan lagireto. Ƙananan yara a kujerar baya, ba a cinyar uwa a gaba ba. Lambar gaggawa ta 'yan Road Safety 122 ce, ka adana ta. Tafiyar dare kuma da iyali a hanyoyin nan namu a'a, in la'asar ta yi maku a Zariya ko Kaduna ku kwana.

TAMBAYA: Anti a sakaya sunana. Shekarata 46, ina da jika ɗaya. Abin kunya ne in na hau motar karon nan? Tun bara raina ke biyawa.
Daga wani bawan Allah, Daura

AMSA: Malam hau abinka, ka ɗauki ƙaramin ɗanka ka zaunar a gefe, kowa zai ɗauka rakiya ka yi. In dai ba ka da ciwon baya ko na wuya shi ke nan. Ka tuɓe babbar riga ka ba uwargida ta riƙe, hular ma ka cire don karon farko za ta yi nata wuri, ka ɗaura bel, kuma kada ka nufi motar surukinka in tare kuka je.